Wanda Ya Tashi Daga Bencin Kaka

Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto cewa in dai ina son mutum, me ya hana ni kwashe kayana in bi shi, tunda ni ba yarinya ba ce kuma albashina nake ci. 'Yar uwa, na gode, amma ba ki san gidanmu na Purcell ba. Gyara zama ki ji abin da ya faru ranar Asabar, sai ki sake ba ni shawarar.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Tegan, malamar lissafi ce ni a wata sakandare a Ballarat, kuma ni ce mai jifa a ƙungiyar besbol ta garinmu Dunmorra, wadda ake wa laƙabi da Hankaki. A wajenmu besbol wasan lokacin sanyi ne. Kakanninmu wasan kurket suke yi da zafi, in sanyi ya shigo sai su koma besbol don kada hannu ya mutu, mu kuma muka taso muka tarar. Saboda haka a watan Agusta, tsakiyar sanyi a wajenmu, lokacin da mai hankali ke kwance cikin bargo, mu muna tsaye a fili cikin taɓo muna jifan juna da ƙwallo mai taurin dutse.

'Yan kallonmu sun fi mu wayo. Kowa a motarsa yake zuwa, ya kafa hancinta jikin shingen fili, ya kunna hita, ya buɗe filas ɗin shayi. In muka ci maki sai a danna hon, fili ya ɗauka. Mutum ɗaya ce ba ta shiga mota, ita ce Kaka Beryl, mahaifiyar Babana. Tana da wani benci na katako a bayan raga, daidai bayan mai duka, wurin da iska ke bi kamar an buɗe mata ƙofa. Tun kafin a haifi Baba take zama a kansa, yanzu ta haura tamanin.

Wannan bencin shi ne matsalata.

Duk namijin da ke neman 'yar gidanmu sai ya zauna a kai kusa da Kaka, daga jifan farko har na ƙarshe. Ba tashi, ba shiga mota, ko fitsari ne ya matse ka sai ka yi ta maza. Mahaifin Kaka ne ya fara ɗora wa mijinta, marigayi Kaka Athol, wannan zama lokacin da yake nemanta, ya ci, shi ke nan abin ya zama gado. Kuna iya dariya, nima na yi. Na daina ne ranar da mijin Yaya Shona, Clive, ya miƙe a zagaye na uku na wasan ya ce wannan shirme ne, ya shige motarsa. Baba bai yi faɗa ba. Ya ba shi hannu, ya ce ya gode da zuwa, ya gaida gida. Yaya Shona ta aure shi duk da haka, suna Perth. Baba ya je ɗaurin auren, ya tsaya a baya, ya fita kafin a kawo abinci. Har yau in Mama na waya da ita, sai ya wuce ta ƙofar kicin ya ce a gaishe ta, bai tsaya ba. Jikokinsa biyu a hoto suka san shi.

Ni kuwa 'yar Baba ce. Shi ya koya mini riƙon ƙwallo tun ina tsayin teburin cin abinci. In na ce ba na tsoron ya mayar da ni "a gaishe ta", na yi ƙarya.

Amma kun san halina. Da aka fara zancen saurayina Manoli zai zauna benci, na ajiye cokali a teburin ranar Lahadi, gaban gasasshen naman rago da dankalin Mama, na ce digiri biyu gare ni, ni ba kofin gasa ba ce da za a ba wanda ya fi jure sanyi. Baba ya ci gaba da yanka nama, ya tambaye ni ko digirin sun san sanyi. Baffa Des, ƙanensa, wanda shi ne mai cafke mini ƙwallo a wasa duk da furfurarsa, ya yi dariya har ya shaƙe. Na tashi na bar musu teburin. Na dawo daga baya saboda Mama ta yi kek ɗin tuffa, amma da fushina na ci.

Manoli ɗan Darwin ne, iyayensa asalinsu Girkawa, can arewa inda sanyin da suka sani bai wuce na cikin firij ba. Nas ne a sashen tsofaffi na asibitin gari. Mun haɗu ne bara, ranar da ƙwallo ta dawo ta daki yatsana cikin sanyi ya kumbura kamar rogo, aka rasa mai duba ni sai shi da aka aro daga sashensa. Yana naɗa mini bandeji yana ba ni labarin shi ma ya yi besbol a garinsu, da riga mai gajeren hannu, ana shan ƙanƙara a gefe. Na ce masa wannan ba besbol ba ne, yawon shan iska ne. Daga nan muka fara, har yau ba mu gama gardamar ba.

Ni na hana shi zaman bencin. Shi ya nace. Ya ce tunda ya ga yadda fuskata ke yi in an ambaci Yaya Shona, zaman awa biyu ba komai ba ne.

Ranar Juma'a da yamma, ana ta sheƙa ruwa, ya aiko mini saƙo.

"Na guge kwat ɗina mai kyau da takalmin fata. Ina so Kaka ta ga mutumin kirki."

Na mayar masa: "Gawar kirki za ta gani. Ajiye su."

Na jero masa abin da zai sa. Dogon wando na ciki mai kama jiki, singileti biyu, rigar ulu, sannan babbar rigar ruwa. Safa biyu, kuma tsakanin ta farko da ta biyu ya zura ƙafarsa cikin ledar burodi. Ya zo da tsohuwar jarida ya shimfiɗa a benci, don katako mai jiƙe ta ƙasa yake cin mutum.

"Ledar burodi? Tegan, ni ma'aikacin lafiya ne."

"Ni kuma 'yar Dunmorra ce. Sa leda."

Ya turo hoton ƙafarsa cikin leda, da sunan gidan burodin a kan yatsunsa. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakina, rigar wasana mai lamba a baya tana rataye jikin hita tana tururi.

Wasan na ranar Asabar na kusa da ƙarshe ne, kuma baƙinmu daga gefen Geelong sun fi mu matsayi a teburin gasa. In ruwa ya hana wasa, ko aka tsaya kafin a cika zagaye biyar, su ne za su wuce. Don haka ko sama za ta faɗo, gidan Purcell sai an buga.

Da hantsi muka isa fili. Tamfol ɗin da aka rufe tudun jifa da shi iska ta yaye gefensa, tudun ya zama kunu. Muka tarar da Baba da Baffa Des tsaye a kai da jarkar fetur. Suka kwarara, suka ja baya, Baffa ya ƙyasta ashana ya jefa. Wuta ta tashi sama da tsayin mutum, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mutanen cikin motoci suka danna hon don murna. Haka ake busar da tudu a garinmu tun zamanin Kaka Athol, an sha hanawa, an sha mantawa an hana.

Manoli ya fito daga motarsa kamar an naɗe katifa an sa mata hula. Ya tsaya yana kallon wutar, baki buɗe, ya tambayi Baffa Des a hankali ko hukuma ta san da wannan.

Baffa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ku a Darwin rana kuke jira ta fito. Mu nan tamu muke kawowa a jarka."

Kaka ta iso da sandarta, cikin kwat ɗinta ruwan toka wanda ya girme ni, da hular ulu mai launin ƙungiya, da ɗan bargo guda a hannu. Mama ta bi ta da na biyu, ta ce ta mayar, ita ba majinyaciya ba ce. Ta dubi Manoli daga sama har ƙasa, ta ce an ce mata saurayi za a kawo, ba a ce mata kayan ɗaki ba. Ya gaishe ta da Misis Purcell, ya shimfiɗa mata rabin jaridarsa. Ta ture da sanda. Suka zauna.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, mai jifa fuskarta na kallon mai duka, bayan mai duka Baffa Des ne a tsugune, bayansa alƙalin wasa, bayan alƙali raga, bayan raga benci. Duk jifan da zan yi, su biyun nan suna cikin idona.

Wanda bai taɓa jifa cikin sanyi ba ba zai gane ba. Yatsu ne ke fara tafiya. Kana ganinsu a kan ƙwallo amma ba ka jin ɗinkin da ke jikinta, kuma ɗinkin nan da shi ake lanƙwasa jifa. Ƙwallon ta jiƙe ta yi santsi kamar sabulu. Alƙali yana goge ƙwallayen da tawul yana ɓoyewa a aljihu, ya miƙo maka busasshiya, kafin ka yi jifa biyu ta koma 'yar gidan jiya. Ya ba ni izinin hura iska a hannu, na yi ta hurawa kamar mai fifita garwashi. Masu duka ma ba su tsira ba. In ƙwallo ta sami sandar ƙarfe a wurin da ba daidai ba, zafin da ke ratsa tafin hannu kamar harbin kunama ne, sai ka ga ƙato ya yar da sanda yana yarfe hannu yana ambaton uwarsa. In ma an dace da duka mai kyau, wanda da zafi zai tsallake shinge, iska mai nauyi sai ta danne shi ya faɗo tim cikin taɓo ya tsaya inda ya faɗi. 'Yan bayan fili suna ta tsalle a wuri ɗaya kamar kwaɗi don kada ƙafa ta daskare.

Gilasan motoci duk sun yi hazo. A zagaye na biyu baƙi suka ci maki, sai ga hon ɗin motarmu yana ta kuka shi kaɗai a fili. Mama ce, ta goge gilas da hannun riga, ta ga mutum ya shigo wurin cin maki a guje, ta ɗauka namu ne. Baba ya juya daga inda yake tsaye yana ba 'yan wasa umarni, ya kalli motar. Hon ɗin ya mutu a hankali.

Manoli kuwa yana nan. Hancinsa ya yi ja, kafaɗunsa sun haɗe da kunnuwansa, amma yana zaune, har ina ganin yana karkata yana wa Kaka magana tana kora shi da hannu kamar ƙuda. Zagaye na uku, inda Clive ya faɗi, ya wuce. Muka rama, muka ƙara ɗaya. Na fara jin wani abu mai ɗumi a ƙirjina, har na fara tsara yadda zan kalli Baba in an tashi.

A zagaye na huɗu sama ta yi baƙi ta gefen tsauni, sai ƙanƙara. Ƙanana ce, amma iska ke koro ta a kwance, tana dukan kunne da wuya kamar ana watsa maka tsakuwa. Alƙali ya ɗaga kai ya kalli sama. Baba ya ɗaga murya ya ce ai shinkafa ce kawai, a ci gaba. Alƙalin, wanda tare suka yi firamare, ya girgiza kai ya ce a ci gaba.

Na ɗaga ƙafa zan yi jifa ke nan na ga Manoli ya miƙe.

Ya miƙe tsaye, ya rungume kansa, ya dunƙule kamar mai ciwon ciki, yana magana da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Daga baya aka maimaita mini kalmomin har na haddace. Cewa ya yi ba zai iya ba, ƙafafunsa sun mutu, don Allah Misis Purcell ta taimaka ta raka shi mota, shi bai ma san yadda ake kunna hitar motar mutanen nan ba. Kaka ta dogara sandarta ta tashi, ta kama hannunsa, suka nufi motar Mama a hankali, tana gaba yana biye kamar ɗan akuya.

Sai hon. Duk motocin da ke kewaye da fili, har da na baƙi. Wani ya sauke gilas ya ce a kawo wa ɗan Darwin bargo da madara.

Ƙwallon da ke hannuna ta tafi inda ta ga dama, ta sami mai duka a cinya. Ya yi tsalle da ƙafa ɗaya zuwa kusurwar farko ta fili yana hararata. Baffa Des ya cire abin rufe fuskarsa ya tako har tudu, ƙanƙara na taruwa a girarsa. Ya ce in yi haƙuri 'yata, maza ba su ƙare a Ballarat ba, akwai wani mai gyaran famfo da ya sani wanda ke wanka da ruwan sanyi. Na ce ya koma ya tsuguna kafin in jefe shi shi ma.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kunya ce, da haushi, da wani abu kamar an janye kujera lokacin da za ka zauna. Ni da na ce bencin shirme ne, ni ce na tsaya a tsakiyar fili hawaye na daskarewa a kumatuna saboda mutum ya tashi daga kansa. Ban kalli gefen Baba ba. Na cusa hannu a hammata har na ji yatsu sun dawo da zafi, na karɓi ƙwallo, na dinga jifa da fushi. Ban lanƙwasa ko ɗaya ba, miƙaƙƙu na dinga aikawa, kuma masu dukan ma hannunsu ya mutu, ba mai son sanda ta haɗu da ƙwallo. Muka fita daga zagaye na huɗu. Muka fita daga na biyar, takalmina ya cika da ruwa, leɓena ya fashe. Ana fitar da mai duka na ƙarshe alƙali ya ɗaga hannu biyu ya ce ya isa haka, shi yana da iyali. Mun ci da maki ɗaya.

Kowa ya ruga ɗakin ƙungiya. Ni na zagaya bayan kantin da ake sayar da miyar kabewa, don na hango hularsa a can. Yana tsaye jikin bango da kofi a hannu, haƙoransa na haɗuwa.

Na ce masa zagaye ɗaya da rabi ya rage. Na ce da ya gaya mini ba zai iya ba, da ban bari an yi mini dariya a gaban garinmu ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba, don ɗalibaina ma na iya karantawa. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini kofin, na ƙi karɓa.

"Kin gama?"

"Ban gama ba."

"To kafin ki ci gaba, ranar Litinin ki kai Kaka wajen likita. Ki ce na hawan jini ne ko wani abu, ke kika san yadda za ki yi da ita."

Ya kalli hagu da dama, ya rage murya. Ya ce tun zagaye na uku take rawar sanyi, wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne da ƙanƙara ta fara sai rawar ta tsaya cak. Ta kasa buɗe murfin filas ɗinta. Maganarta ta fara jan ƙafa kamar mai jin barci, sannan ta juyo ta kira shi Athol, ta tambaye shi ko ya rufe kaji. Ya ce irin wannan yake gani a wurin aiki, kuma tsoho in ya kai nan, abin da ke biyo baya ba ya jira a gama wasa. Ya roƙe ta su shiga mota, ta ce ba a taɓa yin saurayin da ta riga shi tashi ba, kuma ba za a fara daga ɗan Darwin ba.

"Sai na riga ta," in ji shi.

A mota ya ce hannunsa ya daskare, ta riƙe masa, ta haka ya dinga jin bugun jininta. Ya sa Mama ta ƙure hita, ta zuba shayi da sukari mai yawa wai don shi, ya ce ba zai sha shi kaɗai ba sai Kaka ta taya shi. Mama har yanzu ta ɗauka su ne suka yi jinyarsa.

Na karɓi kofin. Na ce mu je yanzu ya faɗa wa Baba, ko ni in faɗa, kowa ya ji, masu hon su ji kunya.

Ya girgiza kai. Ya ce in Baba ya ji, daga yau Kaka ta bar benci, za a sa ta a mota da bargo kamar sauran tsofaffi, kuma duk garin zai san saurayi ne ya cece ta. Ya ce ya ga abin da ke faruwa da tsoho ranar da aka karɓe masa abu na ƙarshe da yake taƙama da shi. Likita zai iya lallashinta ta ƙara kaya, ta rage zama, a hankali, ba a gaban jama'a ba.

"Ni fa?" na ce. "Ka san abin da Baba zai yi."

"Na sani. Danginki ne, Tegan, bakinki ne. In kin faɗa ba zan ƙaryata ki ba. Ni dai ba zan faɗa ba."

Ya sunkuya ya cire takalmi ɗaya, ya zare ledar burodin, ya juye ruwan da ke ciki. Ya ce ledar ma ƙarya ce, ruwa take tarawa.

Ɗakin ƙungiyarmu ɗaki ɗaya ne dogo, rufin kwano, hitar gas a tsakiya, bango cike da hotunan matattu riƙe da sanduna. Warin jiƙaƙƙiyar safa da soyayyar albasa ya cika shi. An jera takalma a bakin ƙofa, kowa na yawo da safa. Kaka na zaune a kujera mafi kusa da hita, an lulluɓe ta da barguna har biyu, wai na Manoli ne ta riƙe masa. Kumatunta sun dawo da launi. Mutane sun kewaye ta, tana ba da labari, muryarta ta dawo daram. Ta ce ta binne miji, ta ga ambaliya, ta ga gobarar daji, yau kuma ta kayar da ɗan shekara talatin a kan katako. Baffa Des ya ɗaga kwalbarsa ya ce Allah ya ja zamanin Kaka, aka amsa da tafi. Rabon da in ga fuskarta haka tun Kaka Athol na da rai.

Manoli ya shigo bayana, aka yi masa ihu, wani ya ɗora masa tawul a ka. Ya yi murmushi ya karɓa, har ya rusuna musu.

Sai Baba ya taso. Da ma faɗa ya yi, da na san yadda zan yi da shi. A hankali ya tako, da fara'arsa ta baƙi, ya miƙa wa Manoli hannu. Ya ce ya gode da zuwa, sanyin nan ba na kowa ba ne, ba abin kunya ba ne. Ya ce in ya yi waya Darwin ya gaida gida.

Na san kalmomin. Ina tsaye a wurin ranar da aka faɗa wa Clive su.

Ban san lokacin da na ce "Baba" ba, kuma da ƙarfin da nake tsawata wa 'yan aji na faɗa, don ɗakin ya yi tsit. Maganar tana bakina a shirye, da filas ɗin, da kajin, da komai. Jimla biyu kawai, in wanke shi, in riƙe Babana. Na juya gefen hita. Kaka na kallona ta saman kofinta. Hannunta ɗaya ya leƙo daga bargo, yana ɗan karkarwa, ta lura na gani, ta mayar da shi ciki a hankali. Ba ta kawar da ido ba. Har yanzu da nake rubuta muku ban san ko ta san abin da aka yi mata ba.

Na haɗiye jimlolin nan biyu, suka wuce da ƙyar kamar busasshen burodi.

Na ce, "Ya faɗi, Baba. Na gani da idona, duk gari ya gani. Kaka ta kayar da shi. Kuma shi zan aura."

Wani ya ajiye cokali. Mama ta dafe bakinta. Baffa Des ya duba cikin kwalbarsa kamar amsar na ciki. A nan ne na tuna wani ƙaramin abu da ya kamata mai digiri biyu ta tuna tun farko, wato Manoli bai taɓa cewa in aure shi ba. Zancen benci aka yi, ba a kai ga wannan ba. Ban yarda na kalli gefensa ba.

Baba ya daɗe yana kallona. Fara'ar baƙin ta tafi, abin da ya rage a fuskarsa ban taɓa ganinsa ba, ba fushi ba ne, ya fi kama da gajiya. Ya ɗauki hularsa daga kan tebur, ya ce iska za ta sake yaye tamfol ɗin tudu, in sa takalmi in zo in kama masa gefe ɗaya. Baffa ya yunƙura zai bi mu, Baba ya ce shi da 'yarsa sun isa. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe, sanyi ya shigo.

Na tsuguna a bakin ƙofa ina fama da igiyar takalmi, yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa. Wayata ta yi motsi a aljihun riga. Manoli ne, daga inda yake tsaye a bayana, tawul ɗin mutane har yanzu a kansa.

"In tambaya ce kika yi ɗazu, amsata e ce."

Na mayar da wayar aljihu ban ba shi amsa ba, ya ɗan ji yadda jira yake. Can tsakiyar fili Baba ya riga ya kama gefen tamfol ɗin, yana tsaye cikin yayyafi, ya juya wa ɗakin baya, yana jirana. Na bar igiyar takalmin a kwance, na fita.